Ranar da Makullin Kaka Ya Ɓata a Asibitin Ido

"Sannu da zuwa, sannu da rana, ya ɗinki, ya mutanen shago? To gaisuwa ta ƙare. Awa guda cur, Allura! Da rarrafe kika taho?"

Kaka ne yake wannan faɗan, yana tsaye a jikin motarsa a filin ajiye motoci na asibitin ido, rana ta take. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana tuƙi, daga manyan motocin kaya zuwa motar ofis, kafin ya ajiye aiki ya sayi wannan 'yar mota ruwan toka, wadda ba ya yarda kowa ya taɓa mata sitiyari. Wadda yake wa faɗan kuwa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, tela mai shagon kanta. Shi ya laƙa mata suna Allura tun tana ƙarama, saboda sirantaka da tsinin baki. Ta iso tana haki, tef ɗin awo na rataye a wuyanta.

"Lafiya lau, angona," in ji ta. "Na bar ɗinkin mutane a kan keke na fito a guje, saboda ka ce maza-maza, kar in gaya wa kowa. Na ɗauka faɗuwa ka yi. Sai ga ka garau, har da ƙarfin masifa. Me ya faru?"

Kaka ya waiga dama, ya waiga hagu, ya yi ƙasa da murya. "Makulli."

"Makulli ya yi me?"

"Ya fita."

"Ya fita? Ya yi maka sallama? Ya ce yaushe zai dawo?"

"Ke, ba na son rashin kunya da tsakar rana."

"Ka ce ka jefar da makulli, Kaka. Faɗi kawai, bakinka ba zai yage ba."

"Ban jefar ba! Ni ban taɓa jefar da makulli ba. Tun ubanki bai san hannun damansa ba nake riƙe makullin motar da tayarta ɗaya ta fi ki tsawo."

"To yau an fara. Ina ɗayan?"

"Wane ɗayan? Da makulli guda na saye ta."

"Shekara shida kana yawo da makulli guda? Bari in kira Baba, ya zo ya ga ikon Allah."

Ta zaro waya. Kaka ya yi wuf ya kama mata hannu.

"Ki kira shi ki gani. A nan zan sake ki, gaban maigadi, in je in auri mai hankali."

"Mai hankali ba za ta ɗauke ka ba. Ni ma lada nake nema."

Ya saki hannunta, ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ya ninke a ciki, ya kaɗa mata ita a fuska. "Kin ga wannan? Tun ranar da na ɗan goge ƙofar gida da gefen mota, ubanki da baffanki suka sa ni gaba. Wai idona ya mutu, wai in ajiye tuƙi, su za su riƙa kai ni duk inda nake so. Su! Waɗanda sai ka kira sau huɗu kafin su ɗaga. Su suka matsa in zo a gwada min ido, suna jiran in faɗi su karɓe motar. To likita ta gwada, ta ce da sabon tabarau zan iya tuƙina da rana lafiya lau. Ga shi a rubuce, ga sa hannu. Na fito ina murna zan je in manna musu ita a goshi, na sa hannu a aljihu, wayam."

"Wato ido ya ci jarrabawa, mai idon ya faɗi."

"In suka ji, ba za su ƙara maganar ido ba. Cewa za su yi kai ne ya fara tafiya. Kin san halin ubanki."

Allura ta mayar da wayar jaka. "Ka duba ciki?"

"Sau uku. Wurin zaman jira, ɗakin likita, wurin karɓar magani, har banɗaki. Mai shara ta ɗaga min kujeru ɗaya bayan ɗaya. Maigadi ya ce ba wanda ya kawo tsintuwa."

"To sai mai makulli. Akwai wanda ya canza min na shago, har na mota yana yi. Kiransa ake yi, ya zo har inda kake."

"Ya zo nan? Da shagonsa a ka?"

"A kan babur."

"Makullin motata a kan babur! A zamaninmu kwance kan makullin ƙofa ake yi, a kai wa gwani, ya zauna ya yini yana gurza ƙarfe."

"A zamaninku ai da tsinke ma mota na tashi. Ka kira ni don in taimaka, ko don in tsaya in ji tarihi?"

Ta kira. Ba a jima ba sai ga mutumin ya shigo a hankali, dattijo ne mai ɗan furfura a gemu, da akwatin ƙarfe ɗaure a bayan babur. Ya kafe babur ɗin, ya gaishe su, ya zagaya motar, ya leƙa ta gilashi.

"Baba, kafin in taɓa ta, zan ga katin shaidarka. In na buɗe kuma zan duba takardun motar, in ga sunan ya zo ɗaya."

"Katin me?" Kaka ya daka tsawa. "Kalli fuskata da kyau. Na yi maka kama da mai satar mota?"

"Ƙa'idar aiki ce, Baba."

"Gaskiyarka, malam, ka bincika sosai," in ji Allura, fuska a ɗaure. "Ni ma ban san shi ba. Wucewa nake yi na ga wani tsoho yana ta zagaya motar mutane."

"Innalillahi! Ke! Ni na yi miki huɗuba a kunne, da na san haka za ki zama da na ce a mayar da ke."

"Ka ji ko? Har barazana yake yi."

Mai makulli ya kalli wannan, ya kalli waccan, ya ga hanci iri ɗaya a fuska biyu. Ya danne dariya, ya karɓi katin da Kaka ya fizgo daga aljihun gaba. Sannan ya durƙusa a ƙofar direba, ya zura wani siririn ƙarfe a ramin makulli, yana ɗan motsa shi yana rubuta lambobi a wata 'yar takarda. Kaka ya tsaya a kansa kamar zai hau shi.

"A hankali, fenti ne wannan. Kar ka karce min ita. Me kake rubutawa?"

"Zurfin haƙoran makullin nake karantawa, Baba. Da shi zan yanka sabo."

"Ba za ta buɗu ba. Na san motata, ba ta sakin jiki da baƙo."

Bai rufe baki ba sai ji suka yi ƙwas, ƙofa ta buɗe. Nan take motar ta kwarma ihu, fitilu na walƙiya, mutanen da ke layin karɓar kati duk suka juyo. Maigadi ya taho da sauri da kulkinsa. Sai da mai makulli ya buɗe gaban motar ya cire kan batir sannan wuri ya yi tsit.

Kaka ya riƙe ƙugu, ya ƙura wa mutumin ido. "Minti nawa ke nan?"

"Bai kai biyar ba," in ji Allura.

"Malam, wannan sana'ar a ina ka koye ta?"

"Makaranta na yi, Baba."

"Makarantar da ake shiga da ankwa a hannu?"

"Kaka! Mutum ya bar aikinsa ya zo ceton ka, kana ce masa tubabben ɓarawo?"

"Ni ban ce tubabbe ba. Ban ga shaidar tuba ba tukuna."

Wannan karon mai makulli bai iya dannewa ba, ya yi dariya har da tari. Ya duba takardun motar, ya gyaɗa kai, ya buɗe akwatinsa. Ciki akwai ɗan injin yanka makulli, da jerin makullan da ba a yanka ba, da wata 'yar kwamfuta mai igiya.

"Yankan ba ya daɗewa," ya ce. "Amma irin wannan motar akwai wata 'yar ƙwaya a kan makullinta. Sai na haɗa kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari na gabatar mata da sabon, ta gane shi, in ba haka ba ko ya juya ba za ta tashi ba. Zan kuma goge tsohon, ko wani ya tsince shi ba zai iya tayar da ita ba. Guda nawa za a yi?"

"Ɗaya," in ji Kaka.

"Biyu," in ji Allura. "Da za ka iya goma ma, a rataya masa a wuya kamar carbi."

"Tsaya tukuna. Wai mota ce za ta gane makulli? Ni da nake wanke ta da hannuna kullum, ta gan ni tsaye a rana tun ɗazu ba ta gane ni ba?"

"Ta gane ka sarai. Hutawa take so ta yi da surutu."

Mai makulli ya ce su ba shi kamar rabin awa. Suka koma kan wani benci a inuwar katanga. Injin ya fara ƙara, garin ƙarfe na zuba a kan wani tsumma. Kaka ya zauna yana jujjuya hularsa. Allura ta juyo ta dube shi.

"Lafiya, angona? Batir ɗinka aka cire kai ma?"

"Allura," ya ce, ba tare da ya kalle ta ba. "Ba makullin ne ya dame ni ba. Na tsaya a jikin motar nan awa guda ina ƙoƙarin in tuna. Na tuna na kulle ta, na tuna na sa shi a aljihun dama kamar kullum. Daga nan babu komai. Na ce to ko na ciro shi a wani wuri na ajiye, kaina ya ƙi gaya min. Haka yayana ya fara, da ƙananan abubuwa. Daga baya har sunan 'ya'yansa sai an tuna masa."

Allura ta matso kusa da shi.

"Ka ce aljihun dama? Tashi in duba."

"Na duba sau ɗari."

"Dubawarka daban, tawa daban. Tashi."

Ya miƙe yana gunaguni. Ta zura hannu cikin aljihun rigar, ta lalubo har can kusurwa ta baya, sai yatsunta biyu suka leƙo ta ƙasa suna motsi a fili. Su duka biyun suka tsaya suna kallon yatsun.

"Ka gani?" ta ce da murna. "Ba kanka ba ne, Kaka! Aljihu ne ya ɓule. Ɗinkin ne ya saki ta kusurwa, makullin ya zurare kana tafiya."

Kaka ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya mayar da hularsa ka, ya gyara mata zama. Sannan a hankali ya juyo, idonsa ya kaɗa.

"Ɗinkin ne ya saki."

"Eh mana."

"Wa ya ɗinka rigar?"

Allura ta zare hannunta da sauri, ta shiga gyaran tef ɗin wuyanta.

"Tambayarki nake yi. Wane tela ne ya kawo min rigar nan wata biyu da suka wuce, ya ce, 'Ga ta nan, angona, ɗinki biyu na yi wa aljihun, ko dutse ka zuba ba zai yage ba'?"

"Ai na ce dutse. Ban ce sufana da filaya da ƙusoshi ba. Aljihunka ya fi garejin bakanike kaya."

"Yau ba komai a ciki sai makulli! Malam mai makulli! Zo ka zama shaida! Ka ga wadda ta tsayar da ni a rana, ta kira ni ɓarawo gaban jama'a, ta sa na fara yi wa kaina ta'aziyya da raina? Ita ta haƙa ramin da hannunta!"

"Malam, ka faɗi tsakani da Allah, akwai zaren da zai jure wa mutumin da ke cusa hannu a aljihu kamar yana haƙar rijiya?"

Mai makulli, da ya riga ya mayar da kan batir, ya leƙo daga ƙarƙashin sitiyari. "Ni makulli nake yankawa, ba hukunci ba."

"Kin ji kunya, Allura. Allurar da ba ta riƙe zare! Gobe zan zo in zauna a ƙofar shagonki da rigar nan, duk wanda ya kawo ɗinki in nuna masa yatsuna ta ƙasa."

"Ka zo. Zan ce musu tsohon mijina ne, baƙin cikin rabuwa ke damunsa."

"Ki ce kin yi laifi."

"Zaren ne ba shi da kyau."

"Wa ya sayo zaren?"

Ta yi tsaki, ta buɗe jaka, ta ciro allura da zare. "Tsaya cak, kar ka motsa. In na soke ka, kai ka jawo."

Ta durƙusa ta juyo da aljihun waje, ta shiga ɗinke shi a jikinsa. Kaka ya tsaya ƙiƙam, hannu ɗaya a sama, yana sanar da duk wanda ya gifta cewa ga tela tana gyara ɓarnarta. Wata mata mai bandeji a ido ɗaya har ta tsaya ta yi masa jaje.

"Shi ke nan," in ji Allura, ta gatsa zaren da haƙori. "Na ji, kusurwar nan ban maimaita ta ba. Ka huce?"

"Ƙara faɗa, kunnena na wannan gefen ba ya ji sosai."

"Sau ɗaya ake faɗa. In kunnen ma ya lalace, sai mu gaya wa Baba."

A daidai nan injin motar ya tashi, lafiyayyen sauti. Mai makulli ya kashe, ya gwada makulli na biyu, shi ma ya tayar. Ya kulle ƙofa ya buɗe da kowanne, sannan ya miƙa wa Kaka. Kaka ya jujjuya su a tafin hannu, ya sallame shi, ya kuma riƙe masa hannu.

"Ka iya aiki, malam. Maganar ankwa, ka bar ta a nan."

"Ba komai, Baba. Amma kar ka haɗa su wuri ɗaya. Ɗaya a jikinka, ɗaya a gida ko wurin wanda ka yarda da shi."

Ya ɗaure akwatinsa, ya hau babur ya tafi. Kaka ya shige mazaunin direba da izza, ya gyara madubi, ya tayar da mota. Allura ta zagaya ta zauna a gefe. Ya kama sitiyari, ya dubi gaba, ya runtse ido. Ya sauke abin tare rana. Ya sake dubawa, ya sa hannu ya kare goshi. Mota na ta aiki, ba ta motsa ba.

"Mu je mana. Ko ita ma sai an gabatar mata da kai?"

"Ina ɗumama inji."

"A wannan ranar? Kaka, me kake ɓoyewa?"

Ya yi gyaran murya. "Likitar nan ta ɗiga min wani magani don ta ga cikin idon. Ta ce haske zai riƙa kashe min ido, kar in yi tuƙi sai bayan awa huɗu. Na ɗauka irin maganarsu ce ta likitoci. To ga shi ƙofar fita ta zama biyu."

"La'ilaha illallahu! Da makullin bai ɓata ba, da haka za ka hau titi?"

"Da na bi ta tsakiyarsu."

"Ba abin dariya ba ne! Wallahi da ka kashe kanka da sai na yi shekara ba na yi maka magana. Ashe ramin aljihuna ne ya cece ka. Ka gode min."

"In gode miki? Ji ɓarauniyar lada!"

"To zaɓi. Ko ka zauna a nan har la'asar, ko in kira Baba ya zo ya ɗauke ka, ko ka sauka ka ba ni wuri."

"Ke? Ki tuƙa motata? Ke da kike taka totur kamar keken ɗinki?"

"Ina da lasin, shekara uku ke nan."

"Wanda ya ba ki shi ma ya kamata a kawo shi asibitin nan."

"Shi ke nan." Ta zaro waya, ta fara latsawa, tana karanta sunan babanta da ƙarfi.

Kaka ya dubi ƙofar fita, ya dubi wayar, ya dubi sitiyarin da hannu ba ya taɓawa sai nasa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har yana share hawaye da bakin hula. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya zagayo, ya tsaya a kanta.

"Tashi daga kujerar mai zaman banza, yau tawa ce."

Ta koma mazaunin direba tana washe baki, ta jawo kujera gaba. Shi kuwa ya zauna, ya ɗaura bel har da jan sa sau biyu, sannan ya ɗauki makulli na biyu ya jefa mata a cinya.

"Riƙe wannan, naki ne. Ki ajiye shi a inda ba ke kika ɗinka ba."

"Na gode, angona. Gida za mu?"

"Wurin ubanki za ki kai ni. Da bakina zan ba shi labarin duka, daga farko har ƙarshe, ya san a gidan wa matsalar take, tunda 'yarsa ce ta ɗinka aljihun. Saki birkin hannu, Allura. A hankali! Na ce a hankali!"